Dorinar Surukina

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, surukina kuwa ya riga mu tafiya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, a ɗakinsa da ke jikin zaure a Tudun Ƙofa. Kafin azahar an kai shi. Kafin la'asar layinmu ya cika da babura da motoci, har mai tura ruwa ya rasa ta inda zai bi.

Ina cikin gida ina fitar da tabarmi da butoci, amma katangarmu gajera ce, duk abin da maza ke faɗa yana shigowa. Masu ɗaga murya ɗalibansa ne na da, yanzu manyan ma'aikata, wasu daga Jos, wasu daga Kaduna. Wani ya ce ba don dorinar Malam ba da yanzu yana bayan awaki. Wani ya naɗe hannun babbar riga yana nuna tabo, aka yi dariya, aka ce Allah ya jiƙan Malam. Wani ya ce har gobe in aka ɗaga masa yatsu uku gabansa faɗuwa yake yi. Ni dai ina ji ina duba su ta kafar ƙyaure. Tabarma uku ta ishe su. Baba kuwa, kamar yadda nake kiran surukina, ya fi shekara talatin yana koyarwa a Keffi. Sauran suna tasha, suna kasuwa, suna gona. Wasunsu sun zo, suka tsaya a sahun baya, ana sallame salla suka juya.

A cikin gida mutum biyu ne suka tsaya mini a rai. Ta farko tsohuwar Malamar aji ɗaya, maƙwabciyarmu, Kirista, wadda ta yi shekaru tana faɗa da Baba a kan yadda ake koyar da yaro. Ita ta fi kowa kuka, har sai da surukata ta koma tana ba ta haƙuri. Ta biyu ƙawata ce ta ƙuruciya, 'yar Eggon, mai sayar da doya a kasuwa. Ta shigo da doya a ka, ta sauke, ta yi gaisuwa, ta nemi wuri ta zauna ta juya wa zaure kunnenta na hagu. Babu wanda ya lura sai ni. Wannan kunnen ba ya ji.

Aji uku na tsaya, rubutuna ba wani abin kirki ba ne. Amma a ajin Baba na fara rubutu da fensir, kuma ina da 'ya da za ta girma ta ji labarin kakanta. Ba na so ta ji na zaure kaɗai.

Dogo ne, siriri, ba ya dariya da haƙori. Goro ɗaya yake fasawa gida huɗu ya kai shi yini. Kafin kowa ya iso makaranta ya jingine baƙin kekensa, ya share ajinsa da hannunsa. In yaro ya yi fashi kwana biyu, Baba zai hau keke har gonar ubansa, ya tsaya a kan kunya su yi ta cacar baki da uban, ƙarshe ya ɗauko yaron a bayan keke da ƙasa a ƙafarsa. 'Yan ƙauyen da ba su da masauki a zaurensa suke kwana, a tukunyar surukata suke ci. Sau ɗaya ya zane ɗan wani babban mutum a gari, bulala shida, daidai da wadda ya yi wa ɗan mahauci a kan laifi iri ɗaya. Aka ce ya je ya ba da haƙuri, ya ƙi. Aka ɗauke shi aka kai Nasarawa shekara biyu, ya dawo bai sake hali ba. Abin da ya fi faɗa shi ne, "Dorinata ba ta da dangi." Gaskiya ya faɗa. Ɗansa na fari, wanda nake aure yanzu, shi ya fi kowa shan ta, har ya gudu tasha ya zama yaron mota, yau direba ne.

Kowace safiya akwai lissafin ka. Mu miƙe tsaye a layi, ya jefa tambaya, ya ɗaga yatsu uku yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. In na uku ya kwanta ba ka amsa ba, ka tsaya a nan, tambaya ta wuce gaba. Wanda ya faɗi daidai shi zai bi waɗanda suka kasa ya mare su, kowa mari ɗaya. In marin bai yi ƙara ba, Baba ya sauko da dorina ya nuna wa mai marin yadda ake yi, a jikinsa. Yakan ce yaro yana manta dukan malami kafin a tashi tara, amma marin tsaransa har gida yake kai shi.

A shekarar da aka ba mu 'yanci, da aka raba mana ƙananan tutoci a makaranta, ina ajinsa, benci ɗaya da ƙawata. Daga ƙauye aka kawo ta wurin gwaggonta, Hausa ba ta gama zama a bakinta ba. Ina ganin leɓenta yana motsi in an yi tambaya. Sai ta mai da tambayar yarensu, ta yi lissafin a can, sannan ta nemo sunan amsar da Hausa. Kafin ta dawo daga wannan tafiya yatsu uku sun kwanta.

Ran nan ya ce bakwai sau takwas. Mutum shida suka kasa, ita ce ta shida. Tambaya ta zo kaina na ce hamsin da shida. Na bi biyar na mare su. Da na zo gabanta sai na shafi kumatunta kawai. Ya ce in sake. Na sake shafawa. Ban ga lokacin da ya ɗauko dorina ba, na dai ji ta a gadon bayana sau uku, rigata ta yage, numfashina ya ɗauke. Ya ce, "Yanzu kin ga yadda ake yi." Na juya da zafin nan duka a hannuna na kai mata, ba a kumatu ba, a kan kunne. Ta faɗi a kan benci. Da aka ɗago ta jini yana bin wuyanta siriri kamar zare.

Shi da kansa ya ɗora ta a keke ya kai ta asibiti. Kunnen bai dawo ba, ita ma ba ta dawo makaranta ba. Ni kuma daga ran nan na daina sani. In tambaya ta zo kaina sai in kalli yatsunsa har su kwanta, in tsaya a mare ni. Haka na ƙare shekarar, kumatuna kullum a kumbure. Baba ya je ya gaya wa mahaifina cewa yarinyar ta fara da kyau amma kanta ya toshe. Aka cire ni, na koma taya mahaifiyata sayar da abinci a tasha. A can muka haɗu da ɗansa, muka so juna. Da aka kai wa Baba maganar bai hana ba, ya ce dai Allah ya sa jikoki su ɗauko kan kakansu. Na shekara takwas a gidansa ina durƙusawa in gaishe shi, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba.

Bayan ya ajiye aiki, kusan kullum da la'asar sai sun haɗu da Malama a gindin mangwaron ƙofar gida, shi a kujerar kwance, ita a kan turmi. Ita da duwatsu da marafan kwalba take koyar da ƙirga, da waƙa da tafi, ba ta taɓa riƙe bulala ba. Tana ce masa mahauci, yana ce mata mai reno. Ina tsintar shinkafa a bayan katanga ina jin su. Takan ce yatsunsa uku daidai suke ga kowa, amma yaran ba daga wuri ɗaya suka taso ba, wani da Hausa aka yaye shi, wani jiya ya fara jin ta, wani bai karya ba ya zo. Shi kuma ya ce ta je ta duba bayan ajinta. Masu kai tana jera su a gaba, sauran suna baya suna tafi suna waƙa, su gama shekara ba su san baƙi ɗaya ba, su zo hannunsa a aji uku kamar ba su taɓa shiga makaranta ba.

"Kin yafe musu duka ne don kin fid da rai da su," in ji shi. "Ni ban taɓa fid da rai da ɗan kowa ba."

Ranar Malama ta ɗauki takalmanta ta tafi. Ni ma shinkafar ta tsaya a hannuna, don na yi ajinta, a gaba nake zama, kuma na tuna na bayan. Ba ta taɓa kiran sunan wasunsu ba. A wurinta ba a kashe kunnen kowa ba, amma an bar wasu a baya kamar kayan da aka manta a mota. A wurinsa ba a manta da kowa ba, kowa ya ɗanɗana. Na daɗe ina auna su a raina, har yau ban san hannun da zan fi so in saka 'yata ba.

'Yata ta fari tana da in'ina. In ta tsorata kalma sai ta maƙale mata a haƙori, ta yi ta buga ƙafa. Amma da kakanta bakinta a sake yake. Yana ce mata amaryata, ya ce tuwon ƙasar da ta dafa masa ba gishiri, zai sake ta. Ita kuma ta ce ai dama ba ta son miji mai goro a gemu. Duk wanda ya san Baba a aji, in ya gan shi yana cin tuwon ƙasa da ganyen mangwaro ba zai yarda shi ne ba.

Sai gwamnati ta ce bana kowane yaro ɗan shekara shida zai shiga makaranta. Baba ya ce jikarsa ba za ta je da kai fanko ba. Bayan an sha koko ya shimfiɗa buzu a tsakar gida ya kira ta. Ranar ba amarya, ba wasa. Ya ce huɗu da uku, ya ɗaga yatsu. Ina bakin murhu, ina ganin hannuwanta a ƙarƙashin zane ta ware yatsu bakwai. Bakinta yana ba, ba, ba. Na uku ya kwanta. Ranar farko tsawa ya yi mata. Ta biyu ma haka. Rana ta uku ya miƙa hannu ya sauko da dorina daga ƙusa.

Ta farko ta same ta a ƙwauri, ta saki fitsari a tsaye, ko kuka ya kasa fita. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta shiga maganarsa, balle a gaban suruki. Ko yanka shi ake yi sai ki kau da kai ki ci gaba da tuƙa tuwo. Na san wannan sarai. Ta biyu tana saukowa na tarar da hannuna a tsakani. Fata ta tsage daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ludayi ya faɗi daga hannun surukata.

"Ke, kin san abin da kika yi?" in ji shi.

"Baba, hamsin da shida ne."

Ya tsaya yana kallona, bai gane ba.

"Bakwai sau takwas. Na sani ran nan, na sani washegari, har yau na sani."

Sannan ya ce tara sau bakwai, na ce sittin da uku. Ya ce sha biyu sau sha ɗaya, na faɗa masa. Ya yi ta jefowa ina amsawa, jini yana ɗiga a kan buzunsa, yarinya ta ƙanƙame ƙafata. Ƙarshe ya tambaye ni me ya sa na yi shiru a ajinsa.

"Wanda ya sani shi ke mari, Baba. Ni kuwa na riga na kashe kunne ɗaya."

"Na ce wa mahaifinki kanki ya toshe."

"Haka ka ce."

Bai ba ni haƙuri ba, ran nan ko bayan nan. Ya ce wa surukata ta wanke mini hannu da ruwan gishiri, ya shige ɗaki. Kwana uku ina gaishe shi ba ya amsawa. Rana ta huɗu ya fitar da keke ya tafi kasuwa, mutumin da ko gishiri aike yake yi.

Abin da ya yi a can, sai a zaman makoki ƙawata ta gaya mini, muna wanke kwanuka a bayan ɗaki. Ta ce ta hagunta ya tsaya yana sallama, ba ta ji ba, sai da ya zagayo ta dama. Ya nuna doyarta ya ce in aka yi kashi bakwai, kowane kashi takwas, guda nawa ke nan. Ta faɗa masa da yarensu tukuna, don ya ji, sannan da Hausa. Ta ce masa, "Malam, yau ba ka ɗaga yatsu ba." Ya tsaya a rana har ta ji nauyi ta miƙa masa kujera, bai zauna ba, ya tura kekensa ya tafi. Na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce ba ta sani ba, ta dai zo ne don shi ya kai ta asibiti. Hannun da ya yi marin kuwa, ni da ita ba mu taɓa yin maganarsa ba.

Bayan mako guda ya kira amaryarsa, ya rataya mata ƙaramin allo baƙi a wuya, da maratayin fata, ya ba ta alli. In ya yi tambaya sai ya kau da kai yana fasa goro, ba zai juyo ba sai ya ji alli ya daina ƙara. Kada a ce ya zama wani mutum daban. In ta yi wasa ta rubuta shirme yana murɗe mata kunne har ta yi tsalle. Da la'asar yana nan yana gaya wa Malama cewa dorina ce ta gina duk ma'aikatan da take gani a mota. Amma ƙusar nan ta zauna ba komai a kanta. Surukata ta zata ya sa dorinar a akwati ne. Wata biyu bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara ya yi.

Ran sadakar bakwai ƙanin mijina ya shigo yana neman dorinar. Yana cikin samarin da aka yi wa horon gaggawa don a samu malamai, kuma aji ɗaya aka ba shi, ajin da 'yata za ta shiga. Aka zazzage akwatin Baba, aka ɗaga katifa, babu. Na kira yarinyar, na ɗago maratayin allonta na sa masa a hannu. Tun ranar da aka rataya mata na gane shi. Baba ya kai wa dukawa masu aikin fata sun tsaga dorinar sun jiƙa ta, sun yi maratayi da ita, har da jan zaren nan na bakin mariƙi. Fatar da ta taɓa shiga naman mutum ba ya mance ta.

Ya juya shi a hannu, ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Matar Yaya, yaran da aka rubuta mini sun fi ƙarfin benci, wasu a ƙasa za su zauna, ni kaɗai. Da waƙa zan riƙe su?" Na roƙe shi abu biyu kawai, kada ya ƙirga mata uku, kuma ya bar ta ta rubuta. Ya ce ya ji.

Ranar da aka buɗe makaranta na raka ta, da ƙaninta a bayana. Sauran iyaye suka watse, ni na zagaya bayan aji na tsaya jikin taga. Haka na yi ta yi kullum. A mako na biyu ya fara lissafin ka. Ya tambayi wani yaro biyu da uku. Daga muryar yaron da ya ce na'am na san ba da Hausa aka yaye shi ba. Na ji ɗaya, biyu, uku. Sannan ya kira 'yata. Shiru, sai ƙarar alli, sai ya ce daidai. Har na sauke numfashi. Sai na ji ya ce, "To ke da kika sani, zo ki mare shi."

Shi ma a ajin Baba ya tashi, abin da ya gani ke nan. Na roƙa kada a dake ta, na manta ban roƙa kada a daki wani da hannunta ba.

Ban san yadda na tsallake yaran da ke ƙasa ba. Na same ta a gaban yaron, hannu a sama. Na kama hannun na sauke shi. Na ce wa ƙanin mijina wannan hannun ba zai yi mari ba, in kuwa sai an nuna mata yadda ake yi, ga nawa, akwai sauran wuri kusa da tabon da Baba ya bar mini. Ya dubi tabon, ya dubi yara suna kallonsa, kunya ta kama shi. Ya ce mata ta je ta zauna. Sannan ya ɗauki ɗanyar tsumagiyar da ya yanko da safe ya zuba wa yaron biyu a baya da kansa. Yaron ya kira uwarsa da yarensu. Ba ta nan, tana gona ko kasuwa, ba ta da ƙanin miji a makaranta.

Na fito. Tawa ta tsira, ɗan wata ya sha. Da Baba yana raye da ya ce wannan ba adalci ba ne, kuma da ban iya musa masa ba. Da yamma na je na gaya wa Malama, ta ce za ta yi wa ƙanin mijina magana, ta kai masa buhun marafan kwalbarta. Ko zai karɓa, ban sani ba. Gobe dai ina jikin taga.

Wannan shi ne surukina kamar yadda na san shi, a bayana da hannuna da wuyan 'yata. Ya ciyar da 'ya'yan mutane, ya dake su, ya bi su har gona don kada su ɓace. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mini kunnen da na kashe. An ce in aka kwantar da mutum aka juya, akwai tambayar da ke jiransa. Ya Allah, in an tambayi Baba, kada a ɗaga masa yatsu uku. A jira shi har ya gama amsawa.